Yadda ake girka manhajar ajiyar kwafi a kaset ɗin LTO a kan taminal saba

Taminal saba ita ce kwamfutar da mutane da yawa ke shiga ta Remote Desktop a lokaci guda, kowa da nasa allon, amma aikin duka a cikinta yake gudana. Makarantu, asibitoci da ofisoshin kuɗi a Zariya suna son wannan tsari saboda yana rage kuɗin sayen manyan kwamfutoci. Haɗarinsa shi ne takardun kowa suna wuri ɗaya. Idan faifan ajiya ya mutu, ko wani ma'aikaci ya buɗe saƙon da ke ɗauke da manhajar garkuwa da bayanai, ofishin gaba ɗaya ya tsaya. Shi ya sa ake ajiye kwafin bayanan a kaset ɗin LTO, wato kaset mai zaren maganaɗisu da aka yi don adana bayanan kwamfuta. Kaset yana da fa'idar da faifan da ke maƙale da saba ba shi da ita: da zarar an zare shi an sa a akwati, babu wata manhaja da za ta iya taɓa shi, kuma ba ya buƙatar a loda tarabait na bayanai ta intanet.

Manhajar Windows Server Backup da ke zuwa da Windows ba ta rubutu a kaset tun daga Windows Server 2008, don haka dole a nemo wata. Akwai Backup Exec, Veeam, Arcserve, Iperius, da Bacula ko Bareos ga masu Linux. Misalan da ke nan na Backup Exec ne, amma matsalolin iri ɗaya ne a duk sauran.

Shawarar farko: ina za a jona na'urar?

Idan akwai halin wata kwamfuta dabam, ko da tsohuwar saba ce, a jona na'urar kaset a can, a girka babbar manhajar a can, sannan a sa ƙaramin wakilinta kawai a taminal saba. Wannan shi ne tsarin da ya fi lafiya, domin ma'aikata ba sa shiga injin da ke riƙe da tarihin ajiya. Wakilin Backup Exec yana sauraro a mashiga ta 10000, na Bacula kuma a 9102, sai a buɗe wadda ta dace a katangar wuta tsakanin injunan biyu kaɗai. Amma ofisoshi da yawa saba ɗaya gare su, kuma ita za ta ɗauki komai. Sauran bayanin ya shafi wannan yanayin ne.

Idan taminal sabar tana gudana ne a matsayin injin kwaikwayo a cikin Hyper-V, manhajar Microsoft mai gudanar da kwamfuta a cikin wata kwamfutar, a sani Hyper-V ba ya miƙa na'urar kaset kai tsaye ga injin da ke cikinsa yadda yake miƙa faifai. A nan manhajar sai ta zauna a kan injin gaske.

Kayan aiki

LTO-6 yana ɗaukar tarabait 2.5, LTO-7 tarabait 6, LTO-8 tarabait 12, LTO-9 kuma 18. Babbar lambar da ake bugawa a jikin kwali, kamar 15 a kan LTO-7 ko 30 a kan LTO-8, lissafi ne na idan bayanan sun matsu ninki biyu da rabi. Hotuna, bidiyo, PDF da takardun Word da Excel na zamani a matse suke tun asali, ba sa ƙara matsuwa. A yi lissafi da ƙaramar lambar.

A kula da jituwar kaset da na'ura kafin a biya kuɗi. Na'urar LTO-7 tana rubutu a kaset na 7 da na 6, tana karanta na 5. Daga LTO-8 aka rage: ita tana aiki da na 8 da na 7 kawai, LTO-9 kuma da na 9 da na 8. Wanda yake da tarin tsofaffin kaset na LTO-6 ya sayi na'urar LTO-8, ba zai iya karanta ko ɗaya ba.

Na'urar tana haɗuwa da saba ta katin SAS mai suna HBA. Kada a jona ta a katin RAID da ke riƙe da faya-fayan sabar. Katunan RAID da yawa ba sa miƙa umarnin kaset yadda ya kamata, kuma idan na'urar mai hannun ɗauko kaset da kanta ce, sukan ga na'urar rubutu su kasa ganin hannun, saboda yana zaune a LUN na biyu, wato adireshi na biyu a kan haɗi guda. A duba bakin kebul ma: akwai SFF-8088 mai faɗi, akwai SFF-8644 mai kusurwa huɗu. Kati irin LSI 9207-8e bakinsa 8088 ne, 9300-8e kuma 8644, kuma ana samun kebul mai baki biyu daban-daban. A ɗauki hoton bayan na'urar da na katin kafin a aika sayo kebul daga Kano ko Legas, don ba abu ne da za a tarar a kowane shago a unguwar PZ ta Zariya ba. A haɗa da kaset ɗin wanke kan rubutun na'urar guda ɗaya ko biyu. Kowanne yana yin wanki kusan 50.

Wuta, zafi da ƙura

Wannan ɓangaren ne ya fi kashe na'urorin kaset a yankinmu, ba manhaja ba. Na'urar tana jawo iska ta gaba ta fitar ta baya, kuma zaren kaset yana gogar kan rubutu kai tsaye. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hazo tana shiga ko ta ƙarƙashin ƙofa. Kada a ajiye na'urar a ƙasa, ko kusa da taga, ko kusa da firinta mai watsa garin tawada. A ɗora ta a kan tebur ko cikin rak, a toshe ƙasan ƙofa, a goge ɗakin da tsumma mai laima maimakon tsintsiya. Kaset kuma ba ya barin kwalinsa na roba sai lokacin shiga na'ura.

A Maris da Afrilu zafin Zariya yana kusantar digiri 40, wanda shi ne iyakar abin da yawancin na'urorin nan ke jurewa. Ɗakin yana buƙatar esi, kuma a tuna cewa ajiyar da daddare ake yi, lokacin da aka saba kashe esi a tafi gida. Wurin adana kaset na dogon lokaci ya fi kyau tsakanin digiri 16 zuwa 25. Kaset ɗin da ya yini a cikin mota a rana, a bar shi ya huce a ɗakin na'urar, har awa 24 idan bambancin zafin ya yi yawa, kafin a yi amfani da shi.

Saba da na'urar kaset duka su kasance a kan UPS ɗaya. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa saba a UPS, a bar na'urar kaset a soket ɗin bango. An ɗauke wuta na daƙiƙa goma kafin janareta ko inbata ya karɓa, saba ba ta ji ba, amma na'urar ta mutu a tsakiyar rubutu, aikin daren ya lalace. A jona UPS ɗin da saba ta USB ko netwok don ta kashe kanta cikin tsari idan batir ya yi ƙasa.

Jonawa da gwajin na'ura

A kashe saba, a cire wuta, a saka katin HBA, a jona kebul. A fara kunna na'urar kaset, a jira fitilarta ta tsaya da ƙyaftawa, sannan a kunna saba. A buɗe Device Manager: na'urar za ta fito ƙarƙashin Tape drives, hannun ɗauko kaset kuma, idan akwai, ƙarƙashin Medium Changer devices. Idan ba ta fito ba, matsalar ta kati ce ko kebul, kuma babu amfanin ci gaba da girka manhaja.

Kafin a girka komai, a gwada na'urar da manhajar kamfanin da ya ƙera ta: Library and Tape Tools ga na'urorin HPE, ITDT ga na IBM. A sabunta manhajar ciki, wato famwaya ɗin na'urar, a saka kaset ɗin da babu komai a ciki, a gudanar da gwajin rubutu da karatu. Gwajin yana goge kaset ɗin. Amfaninsa shi ne idan matsala ta taso daga baya, an riga an san ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Sabon kaset na LTO-9 yana iya yin daidaitawa a karon farko da aka saka shi, wadda za ta iya kai awa biyu. Kada a ɗauka ya maƙale a kashe wuta. Bayan gwaji a rufe wannan manhajar gaba ɗaya, domin manhajoji biyu ba sa riƙe na'urar kaset a lokaci guda.

Girkawa a kan taminal saba

A nan ne taminal saba ta bambanta da sauran. Tana da yanayi biyu: na aiki da na girkawa. A yanayin girkawa, Windows yana lura da abin da manhaja ta rubuta a rajista da fayilolin saiti, ya adana kwafinsu a wani sashe na musamman, don ya raba wa kowane mai shiga nasa. Manhajar da aka girka a yanayin aiki tana iya yin daidai ga wanda ya girka ta, ta ƙi yi ga wani admin ɗin.

A zaɓi lokacin da babu kowa, domin za a sake kunna saba. A shiga daga allon sabar kanta, ko daga nesa da umarnin mstsc /admin. A buɗe Command Prompt da ikon admin, a rubuta change logon /drain don hana sababbin shiga, sannan query user don ganin waɗanda ke ciki. A aika musu saƙo da msg * cewa su adana aikinsu su fita. Wanda ya bar zamansa a buɗe ya tafi gida, a fitar da shi da logoff da lambar zamansa, bayan an tabbatar ba shi da aikin da bai adana ba.

A kwafo fayilolin girkawa zuwa wata folda a faifan sabar, kamar C:\Girkawa. Kada a girka daga harafin faifan netwok irin su Z:, saboda harafin na zaman mutum ɗaya ne, manhajar girkawa ba lallai ta gan shi ba. Idan dole daga netwok ne, a yi amfani da cikakken adireshi mai farawa da \\. Kada kuma a warware fayilolin a foldar Temp. Taminal saba tana ba kowane zama tasa foldar Temp, kuma tana goge ta idan an fita, sai girkawar da ke son ƙarasawa bayan sake kunnawa ta nemi fayilolinta ta rasa.

Tun kafin a fara, a buɗe asusu na musamman da manhajar za ta riƙa aiki da shi, ba asusun wani ma'aikaci ba. Ya kasance cikin rukunin Administrators, da ikon shiga a matsayin sabis, da ikon ajiye fayiloli da dawo da su. A ba shi doguwar kalmar sirri, a hana ta ƙarewa da kanta, sannan a Group Policy a hana shi shiga ta Remote Desktop. Idan an yi amfani da asusun mutum, ranar da ya canza kalmar sirrinsa ko ya bar aiki, ajiya za ta tsaya ba tare da kowa ya lura ba.

Yanzu a rubuta change user /install, a tabbatar da change user /query, sannan a buɗe Browser.exe na Backup Exec. Zai fara binciken muhalli; duk abin da ya nuna da ja a gyara shi kafin a wuce, musamman idan ya ce akwai sake kunnawa da ke jira daga sabuntawar Windows. Zai girka SQL Server Express da sunan BKUPEXEC don rumbun bayanansa. Idan sabar tana da wata SQL ta manhajar albashi ko ta asibiti, a bar ta, kada a cusa rumbun ajiya a cikinta. A kai foldar kundin ajiya, wato Catalogs, faifan da ke da sarari, domin tana girma da yawan fayiloli, kuma taminal saba fayiloli ƙanana gare ta kamar yashi. A Windows Server 2012 zuwa sama ba a buƙatar tsohuwar manhajar girka direbobin kaset, wato tapeinst.exe. Da an gama, a rubuta change user /execute, a sake kunna saba, a sa sabuntawar manhajar, sannan change logon /enable.

Abubuwa biyu kafin a buɗe wa jama'a. A cire gunkin manhajar daga tebur da menu na kowa, wato Public Desktop da foldar Start Menu ta gama-gari, a taƙaita izinin foldar manhajar ga admin. Sannan a gaya wa manhajar kashe ƙwayoyin cuta ta ƙyale foldar Backup Exec da ayyukanta irin su beremote.exe da bengine.exe, in ba haka ba za ta riƙa bincikar kowane fayil da aka karanta, gudun ya faɗi.

Me za a ajiye

A taminal saba, dukiyar tana cikin C:\Users da foldojin da aka raba wa sassa. A haɗa da System State, wato rajista da muhimman fayilolin tsarin Windows. Idan sabar ce ke riƙe da lasisin Remote Desktop, rumbunsa yana C:\Windows\System32\LServer. Idan ana amfani da User Profile Disks ko FSLogix, bayanan kowane mutum suna cikin fayil ɗin VHDX guda, galibi a wani wuri dabam, don haka a tabbatar wurin yana cikin zaɓi; kuma kwafin ya fi inganci idan mai shi ya fita. Shi ya sa yake da kyau a sa doka a Group Policy cewa zaman da aka yanke aka bari a rufe shi bayan awa biyu ko uku.

Fayilolin da ke buɗe, kamar NTUSER.DAT na mai zama a ciki, ana ɗaukarsu ne ta hoton VSS, wato hoton faifai na ɗan lokaci da Windows ke ɗauka. A rubuta vssadmin list writers; kowanne ya nuna Stable kuma babu kuskure. Wanda ya nuna Failed, a sake kunna sabis ɗinsa ko sabar. A cire foldojin Temp da ma'ajiyar wucin gadi ta burauza daga zaɓi, domin dubban ƙananan fayiloli ne marasa amfani. Windows da kansa yana cire fayilolin OST na Outlook, waɗanda kwafin saƙonnin da ke sabar imel ne, daga hoton VSS, amma PST, ma'ajiyar saƙonnin mutum, yana shiga, kuma shi ne ake buƙata.

Batun gudu

Na'urar LTO-7 tana rubuta megabait 300 a daƙiƙa, kuma tana iya rage gudu zuwa wajen 100. Idan bayanai suna zuwa ƙasa da haka, sai ta tsaya, ta ja zare baya, ta sake tashi, ta sake tsayawa. Ana jin sautin wannan kai-da-komo a kunne. Yana cinye kan rubutu, yana gajiyar da kaset, yana kuma rage abin da kaset zai ɗauka. Tarabait 2 a cikakken gudu bai kai awa biyu ba. Ta netwok ɗin gigabit, da ba ya wuce megabait 110 zuwa 118 a daƙiƙa, zai ci kusan awa biyar, kuma tantancewa, wato sake karanta abin da aka rubuta, za ta ƙara nata lokacin. Foldojin ma'aikata masu ƙananan fayiloli sukan sauko ƙasa da haka sosai. Maganin shi ne a fara ajiye kwafin a faifai na dabam, sannan a sa aiki na biyu ya kwashe shi zuwa kaset. Manyan fayilolin ajiya suna tafiya a jere ba tsayawa, kuma an sami kwafi biyu.

Juyin kaset

A saka kowane kaset, a shafin Storage na Backup Exec a yi masa Inventory don manhajar ta san shi, a ba shi suna daidai da wanda aka rubuta a jikinsa. Lakabi a gurbinsa kawai ake manna shi, kuma ba a ɗora wani a kan wani. Tsarin kaka, uba da ɗa, wato juyin kaset na wata, na mako da na kullum, yana buƙatar kaset 4 na kullum, 5 na mako, 12 na wata, jimla 21. Ofishin da ke aiki Litinin zuwa Juma'a yana yin cikakkiyar ajiya daren Juma'a. Wanda ke bin tsarin kwana huɗu da gwamnatin jihar Kaduna ta fara a Disambar 2021, ya mayar da ita daren Alhamis, don a sami wanda zai saka kaset. A sauran ranaku a yi ajiyar bambanci, wadda ke ɗaukar duk abin da ya canza tun cikakkiyar ƙarshe. Da ita kaset biyu kawai ake buƙata wajen dawowa.

A buɗe rukunin kaset uku, kowanne da wa'adin kariyarsa daga gogewa. A nan mutane suke faɗawa rami. Idan kaset ɗin Litinin aka ba shi kariyar kwana 7, lissafin yana farawa ne daga lokacin da rubutu ya ƙare, don haka Litinin mai zuwa da ƙarfe goma na dare wa'adin bai cika ba, aikin zai tsaya yana neman kaset har gari ya waye. A sa kwana 6 ga na kullum, kusan mako 4 ga na mako, na wata kuma ƙasa da shekara kaɗan. A kunna tantancewa bayan kowane aiki, da saƙon imel na nasara da na gazawa duka, domin rashin zuwan saƙo shi ma labari ne.

Kaset ɗin mako da na wata su bar ginin. Ofishin da ke Sabon Gari ya kai nasa reshen Samaru ko Tudun Wada, ko wani akwatin ƙarfe a ɗaki mai sanyi, a tura maɓallin hana rubutu kafin a fita da shi. Tunda zai yi tafiya, a kunna kulle bayanai na AES-256 da na'urorin LTO ke yi da kansu tun daga LTO-4. A rubuta kalmar makullin a takarda biyu, a ajiye a wurare biyu da ba cikin sabar ba. Haka ma makullin rumbun bayanan Backup Exec, a fitar da kwafinsa. Idan saba ta ƙone da makullin a cikinta, babu kamfanin da zai iya buɗe kaset ɗin.

Idan aiki ya gaza

A fara da Event Viewer, sashen System. Lamba 9 tana nufin na'urar ba ta amsa a kan lokaci ba, 11 kuskuren kati ne, 15 na'urar ba ta shirya ba. Waɗannan sun fi nuna kebul, kati ko wuta. Kuskuren CRC, wato bayanan ba su karantu daidai ba, a kaset ɗaya tak, kaset ɗin ne, a yi masa alama a ajiye shi gefe. CRC a kaset daban-daban, kan rubutu ne ya yi datti ko ya gaji. A wanke shi ne kawai idan fitilar Clean ta kunna, ko harafin C ya fito a na'urorin IBM, domin wanki ba dalili yana cin kan. Idan manhajar ta nuna na'urar a matsayin Offline bayan ɗauke wuta, a kashe komai, a kunna na'urar tukuna, sannan saba. Idan kuma duk ayyuka suka fara gazawa rana ɗaya da kukan izini, a duba asusun sabis.

Gwajin dawowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a makon farko a ɗauki kaset ɗin cikakkiyar ajiya, a dawo da foldar wani ma'aikaci zuwa wuri dabam, kamar D:\Gwaji, ba kan ta asali ba, a buɗe takardun a gani, a duba cewa izinin fayilolin ya dawo tare da su. A maimaita kowane wata da kaset ɗin da aka ɗauko daga wurin ajiya na waje. A haɗa faifan farfaɗowa na Simplified Disaster Recovery, a tabbatar yana ɗauke da direban katin HBA da na RAID, a gwada tayar da saba da shi har a ga ya gane faya-fayan. Sau ɗaya a shekara, lokacin hutu, a gwada dawo da sabar gaba ɗaya a kan wani inji: a girka manhajar, a shigar da makulli, a yi wa kaset Inventory da Catalog, a dawo da komai, a rubuta awa nawa aikin ya ci da duk inda aka yi tuntuɓe. Wannan takardar a buga ta, a sa kwafi ɗaya a akwatin da kaset ɗin wata suke.